Filtocin lensi masu araha: a saya ko a haƙura?

Sabon_Hannu:

Assalamu alaikum, manyanmu a harkar hoto. Shawara nake nema kafin in zuba kuɗi inda ba za su dawo ba. Kyamarata DSLR ce, irin mai madubi a ciki, da lensi uku: 18-55mm mai faɗin baki milimita 58, da 50mm f/1.8 mai baki 49, sai 70-300mm mai baki 67. Hoton mutane da na fili na fi ɗauka, kuma ina so in fara irin hoton nan da ruwa mai gudu yake fitowa kamar auduga, da ɗan bidiyo da rana.

Na ga ana sayar da ƙunshin filta uku, UV mai tare wani hasken rana da ido ba ya gani, da CPL mai cire ƙyalli, da wata mai launin shunayya da aka rubuta wa FLD, har da 'yar jakarsu, amma kuɗinsu duka bai kai na filta ɗaya ta Hoya ko B+W ba. To gilashi ba gilashi ba ne? Me ake saya a mai tsadar, aiki ko suna? Kuma idan lallai sai na sayi mai kyau, kowane lensi sai na saya masa tasa? Ku taimaka.

Dattijon_Hoto:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Wannan ƙunshin dai ka bar shi a inda ka gan shi. FLD ta zamanin fim ce, an yi ta ne don gyara koren da doguwar fitilar ofis take sa wa hoto. Kyamarar dijital tana gyara wannan da kanta wajen daidaita fari, don haka ɗaya cikin ukun ta mutu tun kafin ka buɗe jakar.

UV ma kusan haka take. Fim yana jin hasken UV, shi ya sa hoton tsauni da na bakin teku yake yin hazo mai shuɗi-shuɗi idan ba a tare shi ba. Sensar kyamararka kuwa, wato abin da yake karɓar hoto a madadin fim, akwai gilashi a gabanta tun daga masana'anta wanda yake yanke UV da infared, wani hasken da shi ma ido ba ya gani. Saboda haka filtar UV a yau garkuwa ce kawai, babu abin da take ƙara wa hoto. Abin tambaya shi ne nawa take ragewa.

A nan ne za ka ga gilashi ba duka ɗaya ba ne. Gilashi tsirara, wanda ba a yi masa shafen hana mayar da haske ba, yana mayar da kusan kashi 4 cikin 100 na hasken da ya faɗo a kowace fuska tasa. Filta fuska biyu gare ta, ka ga kashi 8 ke nan. Shafe guda ɗaya yana saukar da shi zuwa wajen kashi 1 da rabi a kowace fuska, shafe mai hawa-hawa kuma yana kai shi ƙasa da rabin kashi ɗaya. Dabarar ba sabuwa ba ce, Alexander Smakula ne ya fito da ita a kamfanin Zeiss a 1935, kuma tun 1971 Pentax take sayar da lensi mai shafe hawa-hawa. Ka ga ke nan lensinka mafi araha ma kowane gilashi a cikinsa an shafe shi, sai kai kuma ka zo ka ɗora masa na taga a gaba.

Kada ka ce ai kashi 8 ba komai ba ne. Gaskiya a lissafin haske ba komai ba ne, bai kai kashi ɗaya cikin shida na mataki guda ba (mataki shi ne ninka haske biyu ko raba shi biyu), ba za ka ma lura hoton ya yi duhu ba. Ba a nan gizo yake saƙar ba. Hasken da aka mayar ba ɓacewa yake yi ba, yawo yake shiga yi. Sensa tana da ƙyalli, tana mayar da wani abu daga hasken da ya same ta, ya bi ta cikin lensi ya fito, ya bugi bayan filta, ita kuma da yake shimfiɗaɗɗiya ce kamar madubi sai ta sake tura shi ciki. Abu biyu ne suke biyo baya. Na farko, baƙi ya daina zama baƙi: wanda ka ɗauka rana tana bayansa sai ka ga fuskarsa ta yi fari-fari kamar an watsa mata toka. Na biyu, fatalwa: da dare kowace fitila sai ta haifi 'yar'uwarta, galibi koriya, a ɗaya ɓangaren hoton. Idan fitilar tana sama ta hagu, fatalwar tana ƙasa ta dama, nisansu da tsakiyar hoto ɗaya. Da ka ga wannan daidaiton, filta ce, kada ka zargi lensi.

Abu na biyu da ake saya shi ne miƙewar gilashin. Dole fuskokin biyu su zama a shimfiɗe sarai, kaurin kuma ya zama ɗaya daga wannan gefe zuwa wancan. Wannan bai dami 18-55 ɗinka sosai ba, amma 70-300 zai tona asiri. Ka raba tsawon lensi da lambar f, za ka sami faɗin ƙofar da haske yake bi. A 18mm f/8 milimita 2 ne da 'yan kai, wato kowane ɗigo a hotonka ta wani ɗan ƙaramin wuri na filta ya wuce, ko da lanƙwasa ba za ta yi tasiri ba. A 300mm f/5.6 kuwa kusan milimita 54 ne. Kowane ɗigo ɗaya ya ratsa kusan dukkan filtar, ga shi lensin yana ƙara girman duk kuskuren da ya tarar. Shi ya sa mutum biyu za su sayi filta iri ɗaya, mai gajeren lensi ya rantse lafiya lau take, mai dogo ya ce ta kashe masa hoto, kuma babu maƙaryaci a cikinsu.

Ni a ganina UV mai araha ita ce mafi munin ciniki a duk filtoci, domin ita ce ake ɗaurawa a manta da ita, ta shiga kowane hoto shekara da shekaru. Garin neman gira a rasa ido. Malafar da take zuwa da lensi, wato 'yar rumfar da ake maƙalawa a bakinsa, ko wadda za ka saya daidai da shi, ta fi ta kariya: tana tare bugu da yatsa, tana tare hasken gefe, kuma babu gilashi a cikinta. Idan lensi ya faɗi ƙasa, siririn gilashin filta shi ne farkon fashewa, ɓarɓashinsa yana iya karce gilashin gaba, zoben kuma ya lanƙwashe ya maƙale a baki. Mutane sukan ce filta ta ceci lensi don sun ga ta fashe shi bai fashe ba, alhali gilashin gaban lensi ya fi ta kauri da ƙwari nesa ba kusa ba.

Mai_Malafa:

Baba, a yi mini afuwa, zan ɗan saɓa maka a wuri ɗaya. Duk abin da ka faɗa kan shafe haka yake, amma kada yaron nan ya tafi da cewa filtar kariya ba ta da rana ko kaɗan. Malafa ba ta tare yashin da iska ta kwaso, ba ta tare feshin ruwan gishiri a bakin teku, ba ta tare laka a wurin tseren babura ko tartsatsin walda. A irin waɗannan wurare za a goge gaban lensi sau goma a wuni, kuma goge gilashi da yashi a kansa shi ne yake cinye shafe. Gara a cinye na filta. Akwai ma lensin da kamfaninsa da kansa ya rubuta cewa kariyarsa daga ƙura da ruwa ba ta cika sai an ɗaura filta a gaba, EF 17-40mm f/4L na Canon yana cikinsu, saboda gilashin gabansa yana motsi a cikin baki.

Don haka ni cewa zan yi a mallaki ɗaya, a ajiye ta a jaka, a ɗaura in wurin ya nema, a cire da dare da lokacin da rana take cikin hoto. Kuma tsakanin ta ƙunshi da mafi tsada akwai fili babba. Hoya da Kenko da Marumi duk suna da matsakaita masu shafe hawa-hawa, kuma a hoto da wuya ka bambance su da na sama. Abin da na saman suke ƙarawa yawanci sauƙin gogewa ne: suna da shafen waje mai santsi wanda ruwa yake dunƙulewa a kai ya gangare, maiƙon yatsa kuma ya fita da shafa ɗaya. Tsohon shafe hawa-hawa yana da halin yaɗa maiƙo, kana gogewa yana bin ka. Wanda yake aiki cikin yayyafi zai ga amfanin ƙarin kuɗin, wanda ba ya yi ba zai gani ba.

Sai a kula da jabu. Sunayen da aka fi nema su aka fi kwaikwaya, har kwali da tambari. Idan ka ga babban suna a farashin ƙunshi, ka san akwai lauje cikin naɗi.

Sabon_Hannu:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. UV na fahimta. To CPL fa, da wadda za ta ba ni hoton ruwan? Wani ya ce in sayi ND, wato filtar rage haske, mai juyawa guda ɗaya ta ishe ni komai, hoto da bidiyo. Haka ne?

Hajiyar_Bidiyo:

Malam Sabon_Hannu, waɗannan biyun su ne filtocin da suka cancanci kuɗinka, domin aikinsu kwamfuta ba ta iya yi bayan an ɗauka. Ƙyallin da ya rufe fuskar ruwa ya rufe, babu manhajar da za ta nuna maka duwatsun da ke ƙasa tunda sensa ba ta gan su ba.

CPL tukuna. Abin mamaki, mai araha ma tana yin aikin: za ta cire ƙyallin ganye da na ruwa da na gilashi, ta ƙara wa sama shuɗi. Ledar da take tace hasken tsohuwar fasaha ce, tun wajen 1929 Edwin Land, wanda ya kafa Polaroid, ya fito da ita. Inda ake rage kuɗi shi ne wajen haɗawa. CPL ba gilashi ɗaya ba ce, leda ce aka manne tsakanin gilashi biyu, da wani siririn faifai a baya wanda yake murɗa hasken don kada ya rikita awon haske da fokas na kyamara mai madubi irin taka. Kowane hawa wuri ne da kuskure zai iya shiga, shi ya sa CPL mara kyau ta fi UV mara kyau kashe kaifin dogon lensi. Sau da yawa tana jan launi zuwa rawaya ko kore, wannan da sauƙi, in kana ɗauka a RAW, wato ɗanyen fayil ɗin da kyamara ba ta sarrafa ba, za ka gyara. Wanda ba ya gyaruwa shi ne in ba a toshe gefenta da kyau ba, danshi ya shiga, ledar ta fara ɗagowa daga gefe kamar tabon ruwa.

Kafin ka yanke mata hukunci ka tabbata ka iya ta, don laifuffuka da yawa da ake ɗora wa mai araha halin kowace CPL ne. Tana cin haske mataki 1 zuwa 2. Ƙarfinta a sama yana kaiwa ƙarshe ne idan rana tana gefenka, kusurwa 90 da inda ka nufa. In rana tana gabanka ko bayanka, juya ta har gobe ba abin da zai canza. A 18mm za ka ga wani ɓangaren sama ya yi duhu wani bai yi ba, saboda lensin ya kwaso sama mai faɗi, kuma mafi tsadar CPL a duniya ma haka za ta yi. A kan ruwa ta fi ci idan ka kalle shi a karkace, wajen digiri 35 zuwa 40 daga fuskarsa. Ƙyallin ƙarfe tsirara kuwa ba ta taɓa shi. Sannan ka duba ko bakin 18-55 ɗinka yana juyawa lokacin fokas, tsofaffin suna yi. In haka ne, fokas tukuna, sannan ka juya filta.

ND ita ce inda araha take cizo da gaske. Fara da lambobin, don suna rikita mutane. ND8 mataki 3 ce, wasu suna rubuta ta 0.9. ND64 mataki 6, ko 1.8. ND1000 mataki 10, ko 3.0. Shota ita ce ƙyauren da yake buɗewa haske ya kai ga sensa, kuma kowane mataki yana ninka lokacinta biyu, mataki 10 ya ninka shi sau 1024. Idan ba filta kyamara ta ba ka 1/125, da ND1000 daƙiƙa 8 ke nan. Idan 1/30 ce, wajen daƙiƙa 30. Don ruwa mai zubowa daga dutse ba ka ma buƙatar wannan duka, rabin daƙiƙa zuwa daƙiƙa 2 ya isa ya yi audugar da kake so, kuma ND64 za ta kai ka can a inuwa ko da yamma. ND1000 ta gajimare ce da kwantar da igiyar teku da rana tsaka.

Matsalar mai araha ita ce yawancinsu da rini ake duhunta su. Rinin yana tare hasken da ido yake gani, amma infared yana wucewa kusan yadda ya zo. Gilashin gaban sensa yana yanke mafi yawan infared, ba duka ba. A hoto na yau da kullum ɗan abin da ya tsallake ba ya komai. Amma idan ka rage hasken gani sau 1000 ka bar infared a yadda yake, ɗan abin nan ya zama babba. Sai ka ga baƙar riga ta koma ruwan ƙasa ko ja-ja, ganye ya yi kamar ya bushe. Wannan ba ya gyaruwa da daidaita fari, domin kowane abu da yawan infared ɗin da yake mayarwa: baƙaƙen yadi biyu da ido yake gani iri ɗaya, ɗaya ya fito baƙi ɗaya ya fito ja. Ka gyara wannan, wancan ya lalace. Bambanta shi da launin da ya rufe hoto gaba ɗaya daidai wa daida, kamar shuɗin da aka san Big Stopper, filtar ND ta kamfanin Lee, da shi. Wannan dannawa ɗaya ce a RAW. Nemi wadda aka rubuta tana tare infared, sau da yawa IRND ake sa mata.

Wani abu kuma da ba laifin filta ba ne: a DSLR, haske yana shiga ta tagar leƙe idan shota ta daɗe a buɗe, ya bar shunayyan tabo ko zane a tsakiyar hoto. Rufe tagar da ɗan murfin robar da yake zuwa da kyamara, ko baƙin tef. Kuma ka yi fokas kafin ka ɗaura ND1000, ka mayar da lensi kan fokas na hannu, don kyamara ba ta gani ta cikinta.

Mai juyawa kuma, wanda ya ba ka shawarar rabin gaskiya ya faɗa. Folaraiza biyu ce, wato ledar tace haske irin ta CPL, aka ɗora, ɗaya tana juyawa a kan ɗaya. Duk abin da na lissafa na CPL ka ninka shi biyu, ka ƙara da nata ciwon: in ka matsa ta kusa da ƙarshen duhunta, musamman a lensi mai faɗin gani, sai baƙin gicciye kamar harafin X ya bayyana a hoton. Masu kyau suna da matsaya da take hana ka wuce inda abin yake farawa, kuma ba sa alkawarin abin da ya wuce mataki 2 zuwa 5, ko 6 zuwa 9. Wadda aka rubuta wa ND2 zuwa ND400 tana juyawa ba birki, sulusin ƙarshenta ado ne. Tana kuma cire ƙyallin fata ko ba ka so, fuska ta fito kamar an shafa mata hoda.

A bidiyo tana da amfani, don shota a kulle take: hoto 25 a daƙiƙa yana son 1/50, ba ka da damar taɓa ta. Ka lissafa da kanka. Rana tsaka a ISO 100 (ISO shi ne ma'aunin ƙarfin jin haske na sensa), f/16 da 1/100 ne daidai. Kana son f/2.8 don bayan mutum ya narke: daga 16 zuwa 11, 8, 5.6, 4, 2.8, mataki 5. Daga 1/100 zuwa 1/50, ƙarin 1. Shida ke nan, ND64 cif. Ka ga filta ɗaya tsayayya ta biya maka ruwan da bidiyon. Idan kuɗi sun taƙaita, ND64 mai kyau ta fi mai juyawa mara kyau, in gajimare ya shigo ka gyara da ISO ko ƙofar haske.

Gargaɗi ɗaya: babu ɗaya cikin waɗannan da ake nufar rana da ita kai tsaye da dogon lensi, ko a ranar husufi. Filtar rana daban take, tana rage haske wajen sau 100,000 tare da infared da UV. Leƙa rana ta tagar DSLR da ND1000 a 300mm yana iya ƙona ido, kuma ba za ka ji zafi ba sai aikin gama ya gama.

Injiniya_77:

Yayyena sun gama bayani, ni gwaji kawai zan ƙara, tunda gani ya kori ji. Duk filtar da ta shigo hannunka, mai araha ko mai tsada, ka yi mata waɗannan tun kana da damar mayarwa.

Ɗora ta a kan baƙin ƙyalle ƙarƙashin ƙwan fitila, ka karkata ta har ka ga hoton ƙwan a ciki. Fari tas mai haske kamar a gilashin taga, babu shafe, ko me aka rubuta a zoben. Mai shafe hawa-hawa hoton ƙwan yana dusashewa, ya yi kore-kore ko shunayya. Duba da kyau, hoto biyu ne kusa da juna, na fuskar gaba da na baya. Idan ɗaya mai launi ne ɗaya fari, fuska ɗaya aka shafe.

Kaifi: kafa kyamara a kan ƙafa-uku, 70-300 a 300mm, ƙofa a buɗe duka, ISO 100, jinkirin daƙiƙa 2 don kada hannunka ya girgiza ta. Manna takarda mai ƙananan rubutu a bango, nisan mita 8 zuwa 10. Yi fokas da hannu ta allon baya kana ƙara girma, ɗauki uku ba filta. Ɗaura filta, sake fokas, wannan dole ne, ɗauki uku. Sannan sassauta ta kwata ɗin zagaye, ka sake uku. Kwatanta mafi kyawun kowane rukuni a kwamfuta a girman 100 bisa 100. Idan layukan tsaye sun fi na kwance dushewa, kuma da ka juya filtar abin ya juya tare da ita, gilashin a lanƙwashe yake. Wani lokaci ba ma gilashin ba ne, zoben da ya riƙe shi ne aka ɗaure fiye da kima ya matse shi. In akwai madubin hangen nesa a kusa, riƙe filtar a gaban ido ɗaya nasa ka kalli wayar lantarki daga nesa. Mara kyau nan take za ka ga wayar ta yi biyu-biyu.

Fatalwa: ɗaki mai duhu, tocila ko kyandir a kusurwar hoto, 50mm a f/1.8, da filta da babu.

CPL: riƙe ta gaban farin allon kwamfuta irin LCD, fuskar waje tana kallon allon, ka juya. Ya kamata ta kai kusan baƙi ƙirin, ko'ina daidai. Shuɗi mai haske ko dabbare-dabbare alamar leda mara kyau ce. Don ka san ko da gaske CPL ce, tsaya gaban madubi ka leƙa ta cikinta, ɓangaren da ake murɗawa a lensi yana kallon madubin: hotonta a madubin zai yi baƙi. Juya ta, ya washe. Idan ta kowane ɓangare a washe take, babu faifan bayan nan da Hajiya ta ambata.

ND: ɗauki farar takarda a hasken rana, da filta da babu, fari a kulle kan hasken rana, ka sa baƙaƙen yadi iri biyu ko uku a gefe, auduga da na roba. Lissafa lokacin shota yadda aka nuna a sama. In hoton ya fi na farko duhu ko haske, ƙarfinta ba shi ne aka rubuta ba; ba laifi, gano na gaskiyar ka rubuta a murfin akwatinta. Yadin kuma su za su gaya maka labarin infared.

Wadda ta tsallake waɗannan ka riƙe ta, ko sunanta ba wanda ya taɓa ji. Ana dacewa a cikin masu araha, abin da babu shi ne tabbas: guda biyu daga kwali ɗaya, ɗaya ta wuce ɗaya ta faɗi.

Dattijon_Hoto:

Madalla da Injiniya. Saura tambayarka ta ƙarshe da ba wanda ya taɓa, ƙanena. A'a, ba kowane lensi da tasa ba. Sayi CPL ɗaya da ND64 ɗaya a girman babban bakinka, 67, ka haɗa da zoben ƙari guda biyu, 58 zuwa 67 da 49 zuwa 67. Zoben ƙarfe ne zalla, babu gilashi, a nan araha ba ta cutar da kowa. In kana da niyyar sayen babban lensi nan gaba, fara da 77 tun yanzu. Illarsa ɗaya, malafar ƙananan lensin ba za ta shiga ba idan zoben yana kai, sai ka tare rana da hannu ko hula. Kada ka yi akasin haka, wato ƙaramar filta a babban baki, kusurwoyi za su yi baƙi. Haka ma ɗora CPL a kan UV a 18mm; cire ɗaya kafin ka sa ɗaya.

Zoben alminiyam yana son cije wa ɗan'uwansa alminiyam, na tagulla irin na B+W bai cika yi ba. Wajen ɗaurawa, fara juyawa baya a hankali har ka ji ɗan ƙas, haƙoran sun hau juna, sannan ka yi gaba, kuma da ta tsaya ka tsaya. In ta maƙale kada ka matse ta da yatsa biyu, matsin yana mayar da zoben kamar ƙwai ya ƙara kamawa. Kifa lensin a kan shimfiɗaɗɗiyar roba, ka danna kaɗan ka juya jikin lensin, ko ka naɗa mata robar ɗaure kuɗi mai faɗi ka kama da yatsu biyar ko'ina daidai. Lensin da bakinsa yake fitowa, irin 18-55, mayar da shi kan fokas na hannu ka riƙe bakin da kansa, kada ƙarfin ya bi ta kan injin fokas. CPL ta fi wuya tunda gabanta juyawa yake yi, sai ka kama siririn zoben baya mai tsaga-tsaga, ko ka sa maɓallin filta na roba, wanda ake sayarwa biyu-biyu, ɗaya ya riƙe zoben ƙari ɗaya ya juya filtar.